Yadda Ake Duba Lafiyar Kifin Kogi Daga Kan Gadon Igiya

Dakta Shafkat, kai ka ɗaure ɗana Wasaya. 'Yan sanda ne suka sa masa ankwa, amma kai ka miƙa musu shi, da wannan bakin naka da ya sha cin kifina har maiƙo yana gangarowa haɓarka. Ni ce Bhagan Bibi ta ƙauyen masunta da ke ƙasa da tashar wutar nukiliya, gida mai bagaruwa a ƙofa. Kada ka ce ba ka gane ni ba.

Na ji an ƙara maka girma an mai da kai birni, za a turo mana wani ya ci gaba da duba ko ruwan da tashar take sakowa cikin kogi yana cutar da kifi. Madalla. To kai sabon mai zuwa, ban san sunanka ba, amma ina tausayinka, kada ka zo ka wahalar da kanka a banza. Ban taɓa shiga aji ba, sai dai na kalli gwanin wannan aiki yana yin sa shekara da shekaru a tsakar gidana. Ka bi abin da zan faɗa maka daki-daki. Na yi maka alkawari, kogin nan ba zai taɓa yin ciwo a bakinka ba, ko da kuwa ya ƙafe.

1. Ka aiko tun jajibiri, ka zo goshin azahar

Matattun kifi da sassafe suke taruwa a gaɓa, kafin hankaki da karnuka su share wurin. Saboda haka kada ka kuskura ka yi sammako. Ka sa direbanka ya buga waya tun jiya ya ce gobe yallaɓai yana tafe, don a san da zuwanka a kintsa. Ka iso lokacin da hayaƙi yake tashi daga kowane murhu.

Ka sa fararen kaya masu guga. Masunci in ya ga fararen kaya, kunya ba za ta bar shi ya ce ka shiga kwalekwalensa mai ƙarni ba. Gadon igiya zai fito maka da shi inuwa, ya sa maka matashi. Daga nan ake hango kogi sarai, in ka ɗaga wuya.

2. Kada ka je bakin bututu

Can ne ruwan tashar yake fitowa, can ne kuma aka aiko ka. Amma akwai laka.

Farkon zuwan Dakta, Wasaya ya durƙusa ya ce masa, "Yallaɓai, in kai ka ka gani? Ko a tsakiyar sanyi, in ka tsoma hannu ɗumi za ka ji."

Dakta ya kurɓi shayi ya ce, "Ɗumi? Ai gata aka yi muku. Mu a birni sai mun biya ake ɗumama mana ruwan wanka."

Kowa ya yi dariya, har ni. In mai mota ya yi barkwanci, dariya takan zo da kanta. Kai ma ka tanadi irin wannan guda biyu ko uku a aljihu, sun fi kowace na'ura amfani.

3. Ka shigo a baƙo

Nan ne duk gwanintar take, ka buɗe kunnenka.

Kada ka taɓa cewa, "Ina son kifin ƙasan bututu, za a kai a gwada." In ka faɗi haka, za a kawo maka shi, ka shiga uku. Abin da za ka ce shi ne, "Inna, wallahi na yi kewar kifinki." Shi ke nan, ka gama aiki.

Mu a nan ba a ba baƙo kifi mai tabo. Gidan da ya yi haka, har jikokinsa sai an yi musu gori a bakin ruwa. Kifin ƙasan bututu kuwa ya daɗe da fara fito da jan gyambo a gefen ciki, namansa ya yi laushi. Mu muna yanke wurin mu jefar, mu dafa saura da barkono mai yawa, mu ci da roti, gurasarmu ta nan. Amma baƙo? Allah ya kiyaye. Duk ranar da aka ce Dakta yana tafe, Wasaya zai ɗauki filafili ya tuƙa sama, ruwa yana turo shi baya yana matsawa, har ya wuce tashar ya kai inda ruwa yake da sanyi. Ya dawo da kifayen rahu masu sheƙi, tafin hannunsa duk ya saluɓe.

In tsautsayi ya sa ka ga abin da bai kamata ka gani ba, kada ka ruɗe. Wata rana surukata Kausar ta bar kwandon namu na gida a buɗe, Dakta ya leƙa.

"Wannan fa, me ya same su?"

Kausar ta ja mayafi ta ce, "Namu ne na ci, yallaɓai. Na nan ƙasa ne. Naka daga sama aka kawo."

Ya ɗauke kai. Sannan ya ce, "To rufe, 'yar nan, ƙudaje suna damuna."

Ka ga aikin gwani? Rufe. Kalma ɗaya, ba gumi.

4. Ka ci rabi, ka tafi da rabi

Baƙo ba ya fita hannu banza. Bayan ka ci soyayye, ka sha nono, ka ɗan kishingiɗa, za a naɗe maka ɗanye a ganye. Ka miƙa wa direba ya sa a akwatin ƙanƙara.

Mu duk zatonmu gida yake kaiwa. Ni da bakina nakan raka shi har mota in ce, "Ka gaida uwargida, ka ce ta sa tsamiya." Shi kuma ya ce, "Za ta ji, Inna." Ashe uwargidan nan ba kowa ba ce, ɗakin gwaje-gwaje ne. Ita kuwa ba ta da laifi. An kai mata lafiyayyen kifi, ta ce lafiyayye ne.

5. In kifi suka mutu, ka yi mamaki

Za su mutu, kada ka damu. Bara da bazara ruwa ya ja baya, muka wayi gari kogi ya yi fari da cikin matattun kifi, daga bututu har kwanar maƙabarta. Kififfiyu suna rarrafowa kan yashi suna neman inda za su. Wari ya hana ɓaunayen da muke kiwo shan ruwa. Masu ɗaukar hoto suka zo daga birni.

Ranar ce kaɗai Dakta ya yi sammako. Ya toshe hanci da hankici, aka tara mu a zauren mai gari, ya miƙe ya ce shi abin ya ɗaure masa kai, domin duk kifin da aka gwada daga ƙauyen nan garau yake.

Tsoho Khuda Bakhsh, da ba ya jin tsoron kowa tun da haƙoransa suka zube, ya ce, "Wane kifin aka gwada, ɗan nan?"

"Naku mana, Baba. Wanda kuke ba ni."

Ni ce daga bayan mata na ɗaga murya na ce, "Wancan na sama ne! Na baƙo ne! Ka sani!"

Yanzu ka lura da kyau, don wannan ba kowa ya iya ba. Bai yi fushi ba. Ya dafa ƙirji, ya karkata kai, ya ce a gaban masu hoto, "Haba Inna. Ashe duk shekarun nan yaudarata kuke yi?"

Ka gwada wannan a gaban madubi kafin ka zo. Sai an dafa ƙirjin yake kamawa.

6. Ka nemo wanda ya zuba guba

In ba ruwan tashar ba ne, to guba ce. In guba ce, to masunci ne. 'Yan sanda za su tambaye ka wa kake zargi. Kada ka ce kana zargin kowa, ba kyau. Ka dai yi kamar kana tunani.

Dakta bai san sunan masunci ko ɗaya a ƙauyen nan ba sai na wanda yake zuba masa ruwan wanke hannu. Ya ce, "Ni ban ce komai ba. Amma akwai wani Wasaya, an ce yakan tuƙa sama shi kaɗai. Me yake kaiwa can, Allah masani. Abin da aka zuba a sama ai ƙasa yake gangarowa."

Kafin la'asar 'yan sanda sun zo. Wasaya yana gyaran komar kamun kifi suka ɗauke shi. Kwalekwalen ma suka ɗora a tarakta, yana can kife a harabar ofishinsu, rana tana tsattsaga shi. Na je na ce wa babbansu ɗana kifin baƙo yake zuwa kamowa. Ya ce, "Tsohuwa, kina da shaida?" Na ce shaidar tana cikin cikin Dakta. Ya sa aka fitar da ni.

7. Ka bar garin kafin a shiga kotu

Wannan ba ya buƙatar bayani. Wanda kogi bai taɓa ciwo a hannunsa ba, dole a ƙara masa girma.

To, darasi ya ƙare. Ni Bhagan ba ruwana da abin da zai biyo baya. In ka bi shi ka yi ƙiba, naka ne. In wata rana 'ya'yanka suka tambaye ka me kake yi a bakin kogi ka rasa ta cewa, kada ka ambaci sunana. In kuma ka zo ka tarar ba wanda ya fito maka da gado, ba wanda ya ɗora shayi, mata sun juya maka baya, kada ka ce mutanen kogi ba su da mutunci. Da muna da shi. Ka tambayi wanda ka gada inda ya kai shi.

Ni ban ce tashar ce ta kashe kifin ba. Ban sani ba. Kai aka ɗauka aiki don ka sani, Dakta Shafkat, ka ƙi sani. Ranar Talata za a fito da Wasaya gaban alƙali. Ka zo ka tsaya, ka dafa Alƙur'ani, ka faɗi abin da ka gani a kwandon Kausar da abin da ta gaya maka. In ba za ka zo ba, wanda ya aiko ka ya zo. In shi ma ba zai zo ba, wanda ya sa hannu aka ƙara maka girma ya zo. Ɗaya daga cikinku sai ya tsaya ya gaya mini laifin da ɗana ya yi.