Tasi'u Mai-Sharhi da Kawu Jatau

Wani mutum ne a unguwarmu, nan Malumfashi, ana ce masa Tasi'u Mai-Sharhi. Zare da maɓalli yake sayarwa a bakin kasuwa, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce maka shi manazarcin finafinai ne, zaren kuwa don kada a ce yana zaman kashe wando. Manhajar kallo uku gare shi a waya, kowacce yana biya mata kuɗin wata. Ba don komai ba sai don in ya buɗe wayar cikin mutane a gani.

Majalisarmu a ƙofar shagon Lawwali mai aski take. Kullum bayan la'asar ana baje ra'ayi. Lawwali mutumin finafinan Turkiyya ne, ya ce duk duniya su ne suka iya riƙe takobi. Malam Nuhu, tsohon hedimasta, ya ce tun da aka ƙirƙiro fim mai dogon zango aka daina ƙare labari, sai ja ake yi kamar danƙo. Ni kuwa duk abin da aka kunna ina kallo, ba ni da zaɓi. Amma duk surutun namu shimfiɗa ce, Tasi'u ake jira ya zo ya yanke hukunci.

Ya kuwa iya yankewa. Zai zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce, "Na Koriya hasken kyamara ne kawai, labarin ba gishiri. Na Turkiyya doki ya fi jarumin iya wasa. Na Indiya kuwa, ka cire ruwan sama da uwa mai kuka, abin da ya rage bai kai minti goma ba." In ka ce ka kalli fim jiya, shi ya kalle shi tun yana ɗanye, kafin ma a raɗa masa suna.

Abin da ya sa muke raga masa shi ne, wani lokaci yana faɗar abin da ke ɗaure mana kai. Ya taɓa cewa a kashi na tara na wani fim agogon jarumin yana hannun dama, da aka juya kyamara ya koma hagu. Muka koma muka duba. Wallahi haka ne. Tun daga ranar ba mai ja da shi.

To ga gaskiyar da ba mu sani ba sai daga baya. Tasi'u bai taɓa kallon fim na minti biyar ba. Da sunayen 'yan wasa sun fara hawa, idonsa ya fara sauka. Ko da rana tsaka ne. Sai ka ji ƙwas, waya ta faɗo masa a hanci, sannan minshari ya biyo baya, gurrr, gurrr, kamar injin niƙa ya sha ruwa. Matarsa Hansatu ce ke ɗauke wayar daga ƙirjinsa, ta zauna ta kalle fim ɗin tsaf. Ita ce mai idon da ya ga agogon nan. Da safe yana kurɓar koko sai ya ce, "Ke, jiya ina muka tsaya?" Muka, in ji shi. Ita kuwa ta warware masa zare da abawa, har da inda marubucin ya yi kuskure. Ya naɗe ya zuba a aljihu, bayan la'asar ya zo ya sayar mana. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Hansatu ba ta taɓa damuwa ba. Ita dai a bar ta da kallonta. Bakinsa ne ya ja masa.

Wata rana Malam Nuhu ya ce iyalinsa ta ce fim ɗin da ake yayi ya fara gundurar mutane. Tasi'u ya yi tsaki.

"Malam, ka daina kawo mana ra'ayin mata majalisa. Mata ba fim suke kallo ba, atamfa da labule suke kallo. Tawa ma sai na zaunar da ita ina yi mata bayani kamar 'yar aji ɗaya."

Ya manta a ƙofar mai aski yake magana. Kafin magariba maganar ta isa kunnen matar Lawwali, washegari kuwa ta haɗu da Hansatu a gidan suna, ta kwashe ta gaya mata. Hansatu ta saurara har ƙarshe. Abin ya yi mata ciwo, don shekara shida ke nan tana ciyar da shi magana. Amma sai kawai ta ce, "Allah sarki," ta ci gaba da cin wainarta.

Fim ɗin da ake yayi lokacin sunansa Mukullin Soro. Duk Laraba ƙarfe biyar na yamma ake sakin kashi ɗaya a manhaja. Labarin wani attajiri ne da ya rasu ya bar wasiyya a kulle cikin soro, aka nemi mukulli aka rasa. Kashi talatin da tara ana nema. Saura na arba'in, na ƙarshe, inda za a san wanda ya ɓoye.

A makon ne Lawwali ya zo da albishir. Wani abokinsa, Rabi'u Ɗantsoho, yana gabatar da shirin ra'ayin masu kallo duk Asabar a wani gidan rediyo a Katsina, kuma yana neman mai sharhi na dindindin. Zai biyo ta nan ranar Alhamis da hantsi a kan hanyarsa ta Funtuwa, ya ɗauki muryar Tasi'u a kan kashin ƙarshe. In ta yi, kujerar ta zama tasa.

Kafin Laraba babu telan da ya sayi zaren naira hamsin bai ji labarin ba. Tasi'u har ya fara magana a hankali yana jan wasali irin na 'yan rediyo.

Ranar Laraba ya rufe rumfa da wuri. Biyar saura kwata ya kishingiɗa da waya a hannu, wai yau da idonsa zai gani. Biyar saura minti biyar, ƙwas. Hansatu ta zo ta ɗauki wayar. Ƙarfe biyar ta yi, maimakon fim sai ga sanarwa ta minti biyu: mahaifiyar darakta ta rasu, an ɗage kashin ƙarshe sai mako mai zuwa. Hansatu ta yi wa mamaciyar addu'a. Ta daɗe tana kallon mijinta yana minshari. Sannan ta mayar masa da wayar kan ƙirji a hankali.

Da safe ta fito da farar shaddarsa ta Sallah, ta zuba gawayi a dutsen guga. Shi kuwa yana ɗaki yana kurɓar koko.

"Ke, jiya ina muka tsaya? Wa ya ɓoye mukullin?"

"Ai ka gani, Baban Walida. Kawu Jatau ne."

"E, shi. Tuna mani dai, daga ina ya fito?"

"Sabo ne, jiya aka shigo da shi. Ƙanen marigayin ne. Mutum ne mai son a ce ya san labarin duniya. Kullum rediyo na kunnensa, amma da an ce ga labarai sai barci. Matarsa ce ke sauraro. Da safe yana shan koko ta gaya masa, shi kuma ya je majalisa ya ce shi ya ji."

Tasi'u ya girgiza kai. "Ka ji ɗan banza."

"Har yana ce wa mutane matar tasa ba ta san komai ba."

"Butulu ke nan. To yaya aka kama shi?"

"Ranar da zai je gaban manya, matar ta goge masa riga, dutsen guga ya ƙona bayan. Ya ratsa gari da tambarin a gadon bayansa, kowa na gani, shi bai sani ba. Da ya gane, kunya ta sa ya fito da mukullin."

Tasi'u ya ajiye ludayi, ya shaƙi iska. "Me ke ƙauri ne haka?"

"Ƙosai ne ya kama."

Ta shigo da rigar riƙe ta gaba, ta ce ya miƙo hannu. Tun da suka yi aure ba ta taɓa sa masa riga ba. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a ransa ashe ɗaukaka tun daga gida take farawa. Ya kafa hula, ya fesa turare, ya fita.

Ni ina shagon lokacin da ya iso. Mu duka mun ga sanarwar jiya, har Rabi'u ya ce in haka ne a yi hira a kan kashin baya. Tasi'u ya shigo da sallama mai tsawo, ya ba kowa hannu. Da ya juya zai zauna, Lawwali ya buɗe baki zai yi magana. Malam Nuhu ya taka masa ƙafa. Lawwali ya rufe bakinsa, ya karkaɗe kujerar aski ya ce babban baƙo ya hau.

Rabi'u ya kunna na'urar ɗaukar murya. "Malam Tasi'u, tunda kashin ƙarshe bai..."

"Bai yi ba," Tasi'u ya katse shi. "Na san abin da za ka ce. Ni ma ra'ayina ke nan. Sau biyu na kalle shi jiya, na biyun da takarda da biro."

Rabi'u ya dubi Lawwali. Lawwali ya dubi silin. Malam Nuhu ya gyara tabarau ya ce, "Bar shi ya yi bayani. Mu ba mu fahimce shi sosai ba."

"Ba za ku fahimta ba, sai mai ido. Kuskure na farko, shigo da Kawu Jatau."

"Wa?" in ji Rabi'u.

"Kawu Jatau mana, wanda ya ɓoye mukullin. Kashi talatin da tara ba a ambace shi ba, sai a na arba'in a jefo mana shi kamar daga sama. Amma zan yaba wa ɗan wasan. Ya fito da halin sakarai sosai."

"Wane irin hali gare shi?" Malam Nuhu ya tambaya.

Nan Tasi'u ya gyara zama. Ya kawo labarin rediyo da barci, da kokon safe, da majalisa. Bai rage komai ba, har ƙari ya yi. Ya kwaikwayi minsharin Kawu Jatau, gurrr, gurrr, kuma wallahi ya iya. Ya ce irin waɗannan mutane suna nan cikin al'umma, ka gan su fes da hula, ciki kuwa fanko. Ya ce da shi ne alƙali, da sai ya sa an zagaya kasuwa da mutumin a kan jaki. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ni na cusa hula a baki.

"Sai kuskure na biyu," in ji Tasi'u, ya ɗaga yatsa biyu. "Maganar ƙunar dutsen guga. Nan marubucin ya raina mana hankali. Wane irin wawa ne zai ratsa gari da tambarin guga a bayansa bai sani ba? Ko jaki aka ɗora wa kaya yana ji. Wannan ba ya faruwa a zahiri. Ka rubuta, in ji Tasi'u Mai-Sharhi."

Rabi'u ya yi gyaran murya. "Malam Tasi'u, ba a saki kashin ƙarshe ba. Mahaifiyar darakta ta rasu. An ɗage sai Laraba mai zuwa."

Ƙafar da ke kan ɗaya ta sauko ƙasa. Amma Tasi'u tsohon hannu ne, bai faɗi nan take ba.

"Ku ne ba a sakar wa ba. Ni ina da mutum a ciki. Tun kafin a kai wa jama'a ake kawo mani."

"Mutumin nan naka," in ji Malam Nuhu, "shi ne ke dama maka koko?"

Tasi'u ya zuba wa Malam Nuhu ido. Na ga leɓensa yana motsi, yana maimaita labarin a ransa, rediyo, barci, koko, majalisa. Ya zo kan dutsen guga ya tsaya. Hancinsa ya buɗe kaɗan, kamar mai tuna wani ƙauri.

Lawwali ya matso. Ya juya kujerar a hankali, ƙiii, har ta fuskanci babban madubi. Ya ɗauko ƙaramin madubin da yake nuna wa mutane ƙeyarsu in ya gama aski, ya goge shi da tawul, ya tsaya a bayan Tasi'u ya ɗaga.

Ga shi nan tsakanin kafaɗu, a kan farar shadda. Tambarin dutsen guga, ja-ja-baƙi, cikakke, tsininsa na kallon sama. Da shi ya ratsa layinmu, da bakin kasuwa, da gaban duk telolin da ya yi wa albishir.

Rabi'u ya kashe na'ura ya sa a jaka. Ya ce, "Asabar ƙarfe huɗu ne shirin. A gaida Hajiya, a ce mata in maigida ya ba da izini, kujerar tata ce."

Lawwali kuwa yana nan riƙe da madubi. Ya karkata shi dama, ya karkata shi hagu, yadda ya saba yi wa kowa.

"Ya yi maka haka, ko a ƙara gyarawa?"