Ranar da Na Ja Rabin Tirela

Lokacin da kamfanin uraniyum ke ɗibar direbobi a Arlit, ina gama koyon tirela na aika gida, can garin Tawa, cewa aiki ya samu. Ranar gwaji, mai gwajin ya tsaya a ƙasa ya ce, "Haɗa bodin da kan motar, ka zagayo fili."

Na yi baya, na ji ƙaram, ban sauka na duba ba. Na riƙa shan kwana kamar mai keke. Mutane na ta ɗaga mini hannu, ni ma ina ɗaga musu.

Da na tsaya ya ce, "Malam, ina sauran motar?"

Tana can inda na same ta. Aiki ya wuce ni, na koma dako a tasha. Yau har da furfurata, in na saɓa buhu sai wani ya ce, "Shofer, babban direba, waiwaya, yana nan kuwa?"