Farfesun Shammar

Azumin farko bayan rasuwar Malam, Allah ya jiƙansa, 'ya'yana suka so raba ni da girki, wai baƙin ciki ya taɓa ni. Na rantse ni zan yi farfesun buɗa-baki. 'Yata ta kawo shammar, 'ya'yan ƙamshin nan da ake jiƙa wa mai ciwon ciki, daga kasuwar Sabon Gari, ta ce, "Inna, ɗan kaɗan ake sawa." Ni za a koya wa girki? Na cika tafin hannu na zuba, ga azumi, ba halin ɗanɗanawa.

Da aka sha ruwa, babban ɗana ya kurɓa, ya ce, "Inna, wa ke ciwon ciki a gidan nan?" Aka fashe da dariya, karon farko tun ranar jana'iza. Ina hawaye ina taya su. Suka bar min tukunyata, na ci gaba da girkina. Amma har yau in sun zo daga Samaru sai su ce, "Likita, wane magani aka dafa?"