Cindo a Kan Katangar Makaranta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

A wani ƙauye an yi wani manomi mai suna Cindo. Mutumin kirki ne, sai dai duk abin da aka gaya masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Yana da mata, Tabawa, da 'ya tilo, Saude. Burin Saude ta shiga makarantar 'yan mata ta birni, amma sai ta ci jarrabawar baka ta Turanci. Ƙananan kalmomin nan masu nuna inda abu yake, a ciki ne ko a sama ko a ƙarƙashi, su ke rikita ta. Ga ta kuma da tsoron baƙi.

Wata rana malaminta, Malam Isiyaku, ya ce wa Cindo, "Kada littafin nan ya bar hannunta." Cindo ya samo igiyar rama ya ɗaure mata shi a hannun dama. Da aka kawo tuwo Tabawa ta ce, "Maigida, da me za ta ci?" Ya ce, "Ai ba a ce a kwance lokacin tuwo ba." Ya wanke hannu ya riƙa ba ta a baki.

Wata rana kuma malamin ya ce, "Duk abin da kuka gani a hanya ka tambaye ta inda yake, ta amsa da Turanci." Suka fita sayen gishiri da hantsi. Kaza ya tambaya, turmi ya tambaya, har ƙudan da ke kan jaki. Shi ba ya jin ko kalma ɗaya, amma kowace amsa sai ya ce, "Madalla." Kasuwa ta watse ba su wuce rijiyar bakin gari ba. Ranar miya lami aka sha.

Ranar jarrabawa Tabawa ta ce, "Yarinyar nan matsoraciya ce. Ka tsaya inda za ta riƙa ganinka." Cindo ya shiga aji ya tsaya jikin allo. Malamar da ta zo daga birni ta sa aka fitar da shi. Ya koma gindin darbejiya, iyaye suka tare masa taga. Sai ya tattare babbar rigarsa ya haye katanga, ya zauna yana ɗaga hula.

A ciki kuwa an yi wa Saude tambaya ta kasa amsawa, idonta ya kawo ruwa. Malama ta buɗe baki za ta kira yarinya ta gaba, sai ta hango mutum a kan katanga. Dariya ta ƙwace mata. Ta nuna shi, ta tambaya da Turanci ina mutumin can yake.

Wannan ai wasan hanyar kasuwa ne. Saude ta ce, "On the wall."

Malama ta ce, "Ɗazu fa?"

"Under the tree."

"Kafin nan fa?"

"In the class."

Nan katanga ta zame da shi, sai ƙafafu aka gani a sama. Ba wanda ya tambaye ta, Saude ta ce, "Behind the wall," ta fita da gudu tana kiran Baba.

Aka ɗauke ta makarantar.

Da yamma Tabawa na gasa masa ƙugu da ruwan zafi, maƙwabta na shigowa barka. Cindo ya ɗago kai ya ce, "Ku yi haƙuri. Da na faɗi, an ɗan jima ba ta ganina."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tawa ta ƙare.