Rijiyarmu Ta Shiga Tarihi, Mu Mun Shiga Ƙishirwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Raya Tarihin Ƙauyukan Da,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, ina miƙa godiyar mutanen layinmu a Darmanawa bisa karramawar da kuka yi wa tsohuwar rijiyarmu. Tun unguwar nan tana ƙauye, gonakin gero ko'ina, iyayenmu suke shan ruwanta, mu ma muka tashi a kai. Ashe tarihi muke ta sha ba mu sani ba, sai da kuka zo.

Ga 'yan koke-kokenmu, a yi mana afuwa:

1. Kun zagaye ta da waya, kun shafa mata fenti, kun rufe bakinta da murfin ƙarfe da ƙaton kwaɗo. Madalla. Sai dai famfon layinmu ya riga ta shiga tarihi, shi kuma ba wanda ya zo ya karrama shi. To, ina za mu sha?

2. Allon da kuka kafa ya ce a nan "mutanen da" suke ɗiban ruwa. Ranka ya daɗe, mu ne mutanen da ɗin. Ranar da aka kafa allon ma matata Janet ta ja guga.

3. Duk shekara kafin damina mukan taru, 'yan coci da 'yan masallaci, mu yashe ta. Maƙwabcina Malam Lawan ya sauka ciki, mu muna jan laka muna tsokanarsa. Bana kwaɗo ya hana. Rijiyar da ba a ja kuwa ɗoyi take yi. Shin warin ma yana cikin kayan tarihin?

4. Mahaifiyata, Inna Jummai, ta haura tamanin. Yanzu a ƙofar gida take wuni tana jiran 'yan ga-ruwa. Wannan kam yana mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Mun ji ranar Asabar za ku zo da baƙi, kuna neman tsohuwar da za ta ɗaura zanen saƙi ta nuna yadda ake jan ruwa a da. Inna ta amsa da farin ciki. Roƙonta ɗaya: in an buɗe murfin, mai hoto ya bi a hankali, kada ya yi gaggawa. Matan layi duka za su tsaya a bayan katanga da jarkokinsu.

Naka mai biyayya, da busasshen maƙogwaro,

Timothy Yakubu,
Tsohon malamin firamare, Darmanawa.