Tarin Ƙarya da Kazar Inna Rabi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da motar asibiti ta tsaya a ƙofar gidanmu a Zango saboda ni ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Mutanen layinmu ma ba su da niyyar barina in manta.

A lokacin ina sana'ar gwanjo a kasuwar Misebo, kamar yadda nake yi har yau. Matata Hauwa ta tafi gida Birnin Kebbi haihuwa, sai korona ta shigo, hanyoyi suka toshe, ta maƙale can ni na maƙale nan Kwatano. Girkina kuwa bai wuce abu biyu ba: garin rogo da sukari, ko taliya da manja (ranar da nake jin kaina attajiri in fasa ƙwai a kai). Muna haya a gidan Baba Isufu, wani dattijo mutumin Jugu, gida mai ɗaki takwas da tsakar gida ɗaya. Shekara uku ina ciki, amma tsakanina da maƙwabta sallama ce kawai. In fita da sassafe, in dawo da magariba, in rufe ƙofa.

Cikin 'yan kwanaki unguwa ta canza. Aka rufe masallaci, ladan yana kiran salla yana ƙarawa da cewa kowa ya yi a gida. Aka ce ba fita sai da takunkumi, wanda mu a nan muke kira kashine. Musabaha ta koma ɗora hannu a ƙirji. Baba Isufu ya sayo bokiti mai famfo da sabulu ya girke a bakin ƙofa, ya ajiye kujerarsa kusa da shi, ko kaza ce za ta shiga sai ya harare ta.

Ana cikin haka na tashi wata safiya da zazzaɓi da tari. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, har na fara tunanin jaririyar da ban taɓa ɗauka ba. Aka kira ma'aikatan lafiya, suka zo suka zura min tsinke a hanci, suka ce in zauna a ɗaki kar in fito sai sun kira ni da sakamako. Na rufe ƙofa ina cewa shi ke nan, yau kowa zai guje ni, kuma ba zan ga laifinsu ba, don ni ma da gudu zan yi.

Da azahar sai na ji ana ƙwanƙwasawa.

“Ɗana, ga abinci nan a bakin ƙofa. Bari in ja baya tukuna sai ka buɗe.”

Inna Rabi ce, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, mai toya waina a bakin titi. Ashe Baba Isufu ya tara mutanen gida sun raba ni kamar gado. Inna Rabi ce da karin safe, koko da ƙosai ko waina da miya. Maman Afi, Bafoniya 'yar asalin garin nan, kuma Kirista mai sayar da kifi a kasuwar Dantokpa, ita ce da rana (sai da ta je ta tambayi matar Baba abin da Musulmi ba ya ci, har ta ware tukunya ɗaya saboda ni). Da yamma tuwo daga ɗakin Baba. Ranar farko na ci ina hawaye. Rana ta biyu na ci ba hawaye. Rana ta uku na fara gane takun kowaccensu, ina lissafin me ke cikin kwanon tun kafin a ajiye.

A rana ta huɗu waya ta yi ƙara. Wata mata ta ce sakamakona ya fito, ba ni da korona, zazzaɓin sauro ne da mura, in sha magani in ci gaba da harkokina. Na yi sujada. Na miƙe na kama sakata zan fita in yi wa gida albishir. Allah ya sani niyyata ke nan. To a daidai lokacin Maman Afi ta ajiye kwano, ƙanshin soyayyen kifi da miyar tumatir da akasa, tuwonsu na masara, mai zafi ya biyo ta ƙasan ƙofa. Na dubi ledar garin rogona da ke kusurwar ɗaki. Na ce bari dai in ci wannan, da yamma sai in faɗa.

Da yamma aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Na ce gobe.

Matsalar ita ce tarin ya warke. Mutum ba zai zauna a kulle shiru ba alamar ciwo, don haka na fara ƙirƙirarsa. Da na ji taku sai in saki guda biyu ko uku, in amsa gaisuwa da muryar wanda ya kusa wasiyya. Har gwaji nake yi in ba kowa, ina neman wanda ya fi ban tausayi. (Eh, ni magidanci mai gemu, ina zaune a kan katifa ina koyon tari.)

Hauwa kaɗai ta san gaskiya. Kullum in mun yi waya sai ta ce, “Malam, ka gaya musu?”

“Ina kan shiri.”

“Shirin me? Ka ji tsoron Allah. Kasuwa ba ta ci, mutanen nan daga bakinsu suke cirewa su ba ka.”

Na san gaskiya ta faɗa. Ina jin Inna Rabi tana dawowa da rabin ƙullunta saboda masu sayen waina sun ragu. Amma duk kwanan da na ƙara sai faɗin gaskiyar ya ƙara nauyi, don yanzu ba albishir zan yi ba, bayani zan yi.

A rana ta goma na wuce gona da iri. Inna Rabi ta ajiye koko, na saki wani tari mai tsawo har da shaƙewa a ƙarshe. Ta daɗe a tsaye ba ta tafi ba.

“Tarin nan naka bai yi min ba, ɗana,” ta ce a hankali. “Kullum gaba yake yi.”

Washegari da hantsi aka ajiye min farfesun kaza, cike da kwano, yana tururi. Na zauna na naɗe hannun riga. Ina kan cinya ta biyu na ji ƙarar mota, sai hayaniya, sai muryar Baba Isufu yana cewa kowa ya matsa baya. Ashe Inna Rabi ba ta iya haƙuri ba, ta kai masa kuka cewa zan mutu a ɗaki suna kallo, shi kuma ya kira asibiti ya ce jikina ya tsananta.

Aka buga ƙofa. Na buɗe, na manta ko hannu ban goge ba. Mutum biyu ne cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Bayansu mutanen gida sun jeru nesa-nesa, bayan su kuma rabin layinmu na leƙe ta ƙofar gida, wasu mata har sun ɗaga hannu suna min addu'a. Ɗaya daga cikin ma'aikatan, mace ce mai jin Hausa, ta tambayi sunana, ta duba takardar hannunta, ta sake dubana. Saboda abin da ta rufe fuska da shi dole ta ɗaga murya.

“Ba kai ne na kira tun makon jiya na ce maka negatif ba?”

Baba Isufu ya juya wajen Maman Afi.

“Negatif ɗin nan, mai kyau ne ko marar kyau?”

“Ba shi da komai, Baba,” ta ce, idonta a kaina. “Yau kwana bakwai ba shi da komai.”

A nan ne yajin farfesun ya sarƙe ni. Na kama tari, na gaske wannan karon, har hawaye na zuba. Ba wanda ya ce min sannu. Wani daga waje ya ce, “Ka ji, har yanzu bai daina ba.” Dariya ta fashe daga ƙofar gida ta bi layi.

Ma'aikaciyar ta wanke ni tas, ta ce akwai masu ciwon gaske da ke jiran motar nan. Wannan duk na iya ɗauka. Abin da ban iya ɗauka ba shi ne lokacin da na dubi kwanon da ke hannuna, na dubi tsakar gida, na lura babu jar kazar Inna Rabi, guda ɗayan da take da ita, wadda take soya wa jikokinta ƙwanta. Na ɗago muka haɗa ido. Na so ta zage ni.

“Alhamdu lillahi tunda lafiyarka ƙalau,” ta ce. “Koma ka cinye, kar ya huce.”

Na koma na kulle kaina, wannan karon ba da umarnin likita ba. Ranar ba wanda ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Da safe sai ga Baba Isufu da kansa.

“Fito. Tunda ka warke, ka kuma yi kumatu, akwai aiki.”

Ya ce matan gidan sun riga sun saba da ƙara hannu a tukunya, ba za a daina ba, sai dai a canza mai ci. Akwai wani tsohon ɗan zem, wato ɗan acaba, a layin baya da ba ya iya fita, akwai wata mata a gidan da ke kallonmu da aka killace ta da 'ya'yanta, ita da ciwon gaske. Ni aka naɗa mai kai kwanuka, ni ne kuma mai cika bokitan wanke hannu na layin gaba ɗaya. Na bi ɗaki-ɗaki na nemi gafara. Maman Afi ta ja min rai kwana biyu, sannan ta miƙo min buhun gawayi ta ce in ɗauka. Na kai wa Inna Rabi kaji biyu, ta karɓi ɗaya, ta ce in kai ɗayar gidan matar da aka killace.

Kafin azumi ya raba, gidaje shida ne ke zuba wa tukunyar, Musulmi da Kirista. Matar nan ta warke ta fito. Ni kuma na san sunan kowa a layinmu, abin da shekara uku ba su koya min ba. Lokacin da Hauwa ta dawo da jaririya, tun daga bakin titi aka tare ta da labarin, kowa da irin nasa ƙarin gishirin.

Har yau in na yi tari a sahu, sai wani ya sunkuyo bayan sallama ya tambaye ni ko a ɗora farfesu. Abin da na koya dai shi ne, in za ka yi ƙaryar ciwo, ka nemi inda ba a damu da kai ba. A gidan Baba Isufu, mota za a kira maka.