Ranar da Na Rufe Kamfaninmu da Yatsa Ɗaya

Shekarar da na gama ajin yaƙi da jahilci, manajan kamfanin jimar da nake aiki a Challawa ya ɗauke ni daga gadi ya kai ni sito, gwajin wata guda. Har kwamfuta aka ba ni da lambar sirri. Tafiyata ma sai da ta canza.

Wata Litinin na saka lambar, kwamfuta ta ƙi. Ban san an sauya ta ranar Asabar ba. Malaminmu kuwa ya koya mana cewa abin da ya ƙi, a maimaita shi har ya zauna. Na gyara zama, na yi ta maimaitawa da yatsa ɗaya, cikin natsuwa, har azahar.

Ashe akwai manhaja mai tsaro. Adireshin intanet ɗin da ya cika kuskuren lamba sai ta ɗauka ɓarawo ne, ta toshe shi. Duk kamfanin kuwa adireshinmu ɗaya. Saƙon manaja ga masu sayen fata ya ƙi fita.

Aka kira injiniya daga Bompai. Ya duba ya ce wa manaja, "Alhaji, ƙasurgumin ɓarawo ne! Sau tamanin da uku ya gwada."

Na ga sito yana kuɓuce mini, amma ni ba na son a tauye mini ƙoƙari. Na ce, "Da huɗu ne, ranka ya daɗe."

Manaja ya yi dariya har da hawaye. Injiniya ya buɗe adireshin, aka bar mini sitona.

Har yau in na doso masallacin kamfani sai ma'aikata su rungume takalmansu: "Jama'a, ga Ƙasurgumi nan!"